A DUBI YARO KAFIN A ZAƁA MASA ƊAKI

Ga wata magana wadda ba a cika tayarwa a taro ba, alhali ta shafi kowane gida. Yaro ya ɗauki abin wani a kasuwa, an kama shi, alƙali ya ce a tsare shi. To, a wane ɗaki zai kwana daren farko? Shi da su wa? Wa ya duba?

Dokar duniya ta ba da rabin amsa. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ta ce a sashe na 37 kada a tsare yaro sai in babu wata dabara, kuma in an tsare shi a raba shi da manya. Nijar ta amince da ita a 1990. Madalla. Amma raba yara da manya bai isa ba, domin yaran ma ba ɗaya suke ba. Akwai ɗan shekara 13 wanda bai taɓa kwana nesa da uwarsa ba. Akwai ƙato ɗan shekara 17 wanda ya saba cin zali. In anka kulle su ɗaki guda, anka kashe fitila, an ba kura ajiyar nama.

Mece ce dabara? Mu dubi abin da anka yi a Amurka, ba don ta fi kowa tsarki ba, sai don ɓarnar da ake yi a gidajen kasonta ta tilasta mata. A 2003 majalisarta ta kafa dokar hana fyaɗe a kaso, a 2012 anka fito da ƙa'idodin aiki da ita. Ƙa'idar gidajen tsare yara ta ce cikin awa 72 da shigowar yaro, wato kwana 3, sai an binciki halinsa. Shekarunsa nawa? Yaya girman jikinsa? Wayonsa ya kai shekarunsa? Yana da naƙasa ko taɓin hankali? An taɓa yin lalata da shi, ko shi ya taɓa yi wa wani? Wane laifi ya kawo shi? Sannan a tambaye shi ko yana jin tsoro, a ji daga bakinsa. Da amsoshin nan ake zaɓa masa ɗaki da gado da aji, kuma a riƙa sake dubawa.

Akwai sharaɗi biyu. Na ɗaya, abin da yaro ya faɗa amana ne. In ya bazu cikin gidan, ya zama makami a hannun azzalumi. Na biyu, kada a kulle mai rauni shi kaɗai a ce an kare shi. Ƙa'idar ba ta yarda da keɓewa ba sai in sauran dabaru sun ƙare, kuma dole a sake duba maganar kowane kwana 30.

Wani zai ce wannan aikin masu kuɗi ne. A'a. Gini yana cin kuɗi, gaskiya ne, amma tambaya ba ta cin komai sai takarda da alƙalami da mutum mai haƙuri. Kuma ku tuna, yaron nan zai fito. Wanda anka lalata a tsare, garinmu zai komo da ciwonsa, kasuwarmu zai shiga. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka kowane reshe ya sa maganar nan a taronsa. A zaɓi dattawa biyu su je wurin hukuma cikin ladabi, su yi tambaya uku. Yara nawa ke tsare a garinmu? Ina suke kwana? Wa ke jin ta bakinsu ranar da sunka shigo? Abin da anka amsa, a karanta wa jama'a.

Alƙali tsarewa ya yanke wa yaro, bai yanke masa wulaƙanci ba.