"Likitan mahaukata" kuka ce? To ku zo mu yi maganar jirgin sama 🧵

1/ Ƙanwata ta samu gurbin karatun saikoloji a jami'a. Maimakon barka, sai wani ɗan uwa ya ce: "Ai shi ke nan, mun samu mai aiki a Dawanau." Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Ga dalilina.

2/ Ranar 24 ga Maris 2015, jirgin Germanwings ya tashi daga Barcelona zuwa Jamus da mutum 150. Lafiyar injin ƙalau. Kyaftin ya fita ban ɗaki, mataimakinsa Andreas Lubitz ya kulle ƙofa, ya kai jirgin ya daki tsauni a Faransa. Ba wanda ya tsira.

3/ Daga baya aka gano yana fama da ciwon damuwa. Likita ya ba shi takardar hutu, ya yage ta, bai faɗa wa kamfani ba. Wane injiniya ne zai hango wannan da sifana?

4/ Shi ya sa Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni gwada tunanin matuƙi kafin ya fara ɗaukar fasinja. Wa ke gwajin? Wanda kuke wa dariya.

5/ Aikin ba "kana jin muryoyi?" ba ne. Ana auna riƙe lamba a ka, saurin yanke shawara, haɗa aiki biyu lokaci guda. A Amurka akwai gwajin kwamfuta, CogScreen, don matuƙa aka ƙera shi. Matuƙin da ya bugu a ka ko ya yi shanyewar ɓarin jiki, rahoton masanin nan na cikin abin da zai mayar da shi bakin aiki ko ya ajiye shi.

6/ Wani zai ce: "Ai gwajin zai raba mutum da abincinsa." Tsoron gaskiya ne. Amma tun 2010 Amurka ke barin masu shan wasu magungunan damuwa su tuƙa, bisa sa ido. Ɓoyewa ce ke kisa. Kuma wa ke koya wa mutum ɓoyewa? Mu, masu kiran kowace damuwa hauka.

7/ Hanyar doguwa ce, ba ruɗi: digiri na farko, na biyu a ɓangaren asibiti, sannan ƙwarewa kan ƙwaƙwalwa. Guraben ba yawa.

8/ Amma fa kwalejin tuƙin jirgi na Zariya tun 1964. Duk shekara iyayenmu na hawa jirgi zuwa Hajji. Kowa na son ɗansa ya zama matuƙi, ba mai son ya zama mai duba matuƙin. Haba!

9/ Ƙanwata, riƙe littafinki. Ku kuma 'yan saikoloji, me aka taɓa ce muku a gida? Ku faɗa mana a ƙasa.