Waiwaye Adon Tafiya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da malamaimmu masu daraja, ina neman izni in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana da ta daɗe tana yawo cikin ɗakunan kwanammu. Lokaci ya ƙarato da 'yan ajin ƙarshe za su ɗaure kayansu, kowa ya nufi makarantar da aka tura shi. A irin wannan lokaci ne gardama ta kan tashi. Waɗansu su kan ce ba abin da mutum zai fita da shi daga nan sai takardar shaidarsa, sauran abubuwa kuwa, watau wasannin yamma, da taron muhawara, da aikin lambu, da rubutu cikin wannan jarida, duk ɓata lokaci ne da hana karatu. Waɗansu kuma su ce a'a, waɗannan ma ilmi ne. Ni dai ina tare da na biyun, hujjata kuwa daga Kolejin Katsina na ɗauko ta, gama ba mu da wani madubi da ya fi ta kusa da mu.

An fara karatu a Kolejin Katsina cikin shekara ta 1921, sa'an nan Gwamna Sir Hugh Clifford ya zo da kansa ya buɗe ta cikin watan Maris na 1922, a zamanin Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko. Ba a zaɓi Katsina a banza ba, domin gari ne na malamai tun zamanin Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, iyaye kuwa sun fi sakin jiki su aika da 'ya'yansu garin da aka san shi da karatu. Nufin da aka kafa ta da shi ɗaya ne, watau a horar da samari su zama malaman makarantun larduna. A kan ɗebo su daga Sakkwato, da Kano, da Barno, da Bauci, da Bida, da sauran ƙasashe, su shekara biyar tare. Cikin 1938 aka mai da ita Kaduna, cikin 1949 aka kai ta Zariya, daga baya, cikin 1971, aka raɗa mata suna Barewa. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a Katsina, an adana shi cikin kayan tarihi.

To, bari mu dubi waɗansu da suka fita daga cikinta bi da bi. Malam Kashim Ibrahim ya gama cikin 1929, ya koma Barno yana koyarwa. Malam Ahmadu Rabah, wanda duniya ta sani da Sir Ahmadu Bello, ya gama cikin 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934, sa'ad da aka naɗa shi hakimin Rabah. Malam Abubakar Imam ya gama cikin 1932, ya zama malami a Midil ta Katsina. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga cikin 1928, ya fita cikin 1933, ya koma Midil ta Bauci, har ya zama shugabanta. Dukansu da alli suka fara, kamar yadda mu ma za mu fara. Sun ci jarrabawa, ba shakka, amma yau wa ya san makin da kowannensu ya samu a lissafi? Abin da a ke tuna su da shi, in an bi sawunsa, sai a tarar tun suna ɗalibai suka fara koyonsa, da yawa kuma ba a kan takardar jarrabawa ba.

Na farko shi ne magana. An san Kolejin Katsina da tsanantawa wajen furucin Turanci. Ba ya isa yaro ya iya rubutu kawai, sai ya miƙe tsaye ya yi magana a fili, kowace kalma ta fito daidai. Wataƙila waɗansu ɗalibai na wannan zamani sun ɗauki abin wahala ce marar amfani. Amma ga shi cikin 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna, gaban Turawa da manyan ƙasa, ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, maganar da ba kowa ke iya furta ta ba a lokacin. Cikin 1957 ya zama Firayim Minista. Ran 1 ga Oktoba 1960 shi ya yi jawabi a Ikko da sunan Nijeriya duka, cikin watan nan kuma ya yi magana gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, har mutane suka riƙa ce masa mai muryar zinariya. Malam Isa Kaita ma, wanda ya fito daga wannan Koleji, da muryarsa aka san shi tun da fari, gama lokacin yaƙin duniya na biyu ya tafi Ankara yana karanta labarai da Hausa a rediyo. Saboda haka wanda ke guje wa taron muhawara don kunya, ya tuna ran da zai tsaya gaban yara arba'in ba mai tsaya masa. Malamin da muryarsa ba ta kai ƙarshen aji ba, rabin ilminsa a cikinsa zai ruɓe.

Na biyu shi ne alƙalami. Cikin 1933 Dokta R. M. East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasa ta rubuta littattafan hira da Hausa. Littattafai biyar aka buga daga wannan gasa, uku daga cikinsu kuwa mutanen Kolejin Katsina suka rubuta su. Malam Bello Kagara, wanda ke koyarwa a Kolejin, ya rubuta Ganɗoki. Ƙanensa Malam Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Biyun nan na ƙarshe samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, tsararrakimmu ke nan, ba su daɗe da ajiye littafin ɗalibi ba. Ba wanda ya tilasta musu, ba kuma cikin aikin da a ke biyansu albashi dominsa ba ne. Daga nan ne aka ga hannun Malam Abubakar Imam, aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, sa'an nan da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin Janairu 1939 ya zama editanta na Hausa, har cikin 1943 ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma. In da ya ce rubutun hira wasa ne, ya tsaya ga abin da manhaja ta ce kaɗai, da Hausa ta yi hasarar da ba mai iya ƙiyasta ta. Wannan shafi da ku ke karantawa, ko da ya ke ƙarami ne, irin wannan ƙofa ce, amma sau da yawa sai edita ya bi mutane ɗaki ɗaki yana roƙo kafin ya sami abin bugawa.

Na uku shi ne filin wasa. A Katsina su kan yi wasan kurket, da wani wasa da a ke buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, mutum biyu su kara da mutum biyu. Malam Ahmadu shi ne shugaban 'yan wannan wasa a zamaninsa, bai kuwa bar shi ba har bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954. Wasan ya kafu a ƙasar nan, har yanzu ana yinsa a Katsina da waɗansu garuruwa. Amfaninsa ya wuce motsa jini. A filin wasa ɗan sarki da ɗan talaka doka ɗaya su ke bi, ƙwallo ba ta san asalin kowa ba. A nan ne Basakkwace ya kan koyi dogara ga Babarbare, Banufe ya san halin Bafillace, wanda aka ci ya koyi miƙa hannu ba tare da fushi ba. Da mutanen nan suka haɗu a Kaduna bayan shekara ashirin don su riƙe ƙasa, ba baƙin juna ba ne, kowa ya san wanda ke da haƙuri da wanda ke da zafin rai tun suna yara.

Na san abin da masu gardama za su ce. Za su ce mutanen nan sun ɗaukaka ne domin su kaɗan ne, ga Turawa suna shirin tafiya, kujeru suna jiran duk wanda ya iya Turanci. Akwai gaskiya cikin wannan, ba na musu. Haka kuma Kolejin tana da nata aibi. Ƙofarta ƙunci gare ta, yawancin waɗanda aka ɗauka 'ya'yan sarauta ne da na malamai. Babu mace ko ɗaya cikinta, makarantun 'yam mata na Kano da Katsina ma sai 1930 aka buɗe su. Turawa kuma ba su yi nufin ta kai ɗalibi nesa ba, abin da su ke so shi ne malamin Midil da ma'aikacin En'e, shi ya sa da aka buɗe Kolejin Jami'a ta Badun cikin 1948 'yan Arewa ƙalilan ne suka iya shiga. Amma duk wannan bai rushe hujjata ba. Kujera tana iya samun mutum don sa'a, riƙe ta kuwa sai da abin hannu. In kuwa a lokacin da masu takarda ba su da yawa sai da aka bukaci murya da alƙalami da iya zama da mutane, ina ga yanzu da masu takarda suka cika ƙasa?

Akwai kuma wani abu da ya fi damuna, shi ne yadda mu ke tunawa. In an ambaci wannan makaranta sai a shiga lissafin shugabannin ƙasa da ta fitar, watau Tafawa Ɓalewa, da Yakubu Gowon, da Murtala Muhammed, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Daidai ne a yi alfahari da su. Amma a ajin kowane ɗayansu akwai waɗanda suka zauna cikin aji har tsufa, suka koya wa dubban yara karatu a garuruwan da mota ba ta zuwa sai da rani, ba wanda ya rubuta sunayensu. Don malanta aka gina Kolejin, sai ga shi waɗanda suka bar malanta su kaɗai a ke ambato. Wannan yana koya wa ɗalibi mugun darasi, ya ɗauka aji zango ne, ofis ne gida. Alhali su kansu manyan nan ba su raina allin ba. A Bauci, cikin shekarun yaƙi, malamai ne irin su Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, da Malam Sa'adu Zungur suka riƙa taron tattaunawa a kan al'amuran ƙasa, Malam Aminu kuwa, wanda ya yi karatu a Kolejin Kaduna daga 1937 zuwa 1942, shi ya kafa ƙungiyar malaman Arewa cikin 1948.

Saboda haka ina da shawara guda biyu. Ta farko, kowane aji da zai fita ya sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, a rubuta sunan kowa da garinsu, da aikin da ya riƙe a nan, ko shugaban ɗaki ne, ko mai tsaron gida a ƙwallo, ko mai ban ruwa a lambu, ko liman, ko mai kula da marasa lafiya. A rubuta muhawarorin da aka yi da wanda ya yi nasara, da wasannin kwaikwayon da aka nuna, da makarantar da aka tura kowa. A bar wa kowane suna shafi guda fari, a ajiye littafin a ɗakin karatu, duk wanda ya sami labarin ɗan'uwansa ya aiko a ƙara. Wanda ya shekara talatin yana koyarwa a ƙauye a rubuta masa da tawada iri ɗaya da wanda ya zama minista. Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan al'ada, gama malami ya kan faɗi wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da malaminsa, har salsala ta yi nisa. Ba daidai ba ne a ce mun riƙe ta a zaure mun yar da ita a koleji.

Ta biyu, ga ƙannemmu da za su rage. Kada kowa ya bari shekarunsa su ƙare bai taɓa tsayawa ya yi magana gaban jama'a ba, bai rubuta ko shafi ɗaya a jarida ba, bai shiga wata ƙungiya an ci shi ya yi haƙuri ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ran da aka ba ka makaranta, kai za a sa ka shirya wa yara wasa, ka kafa musu lambu, ka raba faɗa, ka yi wa iyaye bayani a ƙofar hakimi, ba kuwa mai tambayarka makin da ka ci. Ina roƙon malamaimmu kuma, in za su rubuta shaidar ɗalibi, su riƙa ambaton waɗannan ayyuka, don yara su san ana ganinsu.

Allah ya ji ƙan magabatammu, waɗanda aka san sunansu da waɗanda aka manta. Allah ya sa masu fita su fita a sa'a, ya ba su haƙuri da 'ya'yan mutane, ya sa zumuncin da aka ƙulla a nan ya ɗore. Amin. Haza wasalam.