A Shirya Tafiyar Gore Tare da Yara

Nijar ba ta da teku. Yawancinku kun san tafki da gulbi, wasu sun san kogin Isa, amma kaɗan ne suka taɓa ganin ruwan da ba a hangen ƙarshensa. Shi ya sa idan Allah ya hore wa iyali halin zuwa Dakar, babban birnin Senegal, ina ganin bai kamata su dawo ba su taka tsibirin Gore ba. Haka kuma bai kamata baba ya ƙulla tafiyar shi kaɗai a ransa ba, sai da safe ya ce, "Ku sa takalma mu tafi." A zaunar da yara, a shirya da su.

Wani zai ce, yaro me ya sani game da tafiya? Ai saboda bai sani ba ne ya kamata a sa shi. Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Idan ka makara a tashar mota, kana iya samun wata motar, ko ka taka da ƙafa. A tsibiri babu wannan. Jirgi ne ya kai ka, jirgi ne zai dawo da kai, kuma ba ya jiran kowa.

Gore tana da nisan kamar kilomita 3 daga Dakar. Jirgin ruwan da ke kai mutane, wanda ake ce wa "chaloupe" da Faransanci, yana yin kamar minti 20 a hanya. Yana kai da komowa sau da yawa a yini, kowace tafiya da lokacinta. To, ga aikin ɗan aji biyar: ya kwafe lokutan a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin jirgin da za a dawo da shi. Yayarsa ta yi lissafin kuɗin tikiti. Tikiti ɗaya ne na zuwa da dawowa, na yaro bai kai na babba tsada ba, kuma baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa. Wannan lissafi ya fi na kan allo daɗi, domin idan aka yi kuskure, kuɗin abincin rana ne za su ragu. Ƙaramin kuma ya tuna wa inna da katin shaida, da ruwan sha, da hula.

A cikin jirgi ne maganar ta fi nauyi. Ranar 26 ga Satumba 2002, wani babban jirgi mai suna Joola, wanda ya taso daga Ziginshor zuwa Dakar, ya kife da dare a tekun da ke kusa da Gambiya. Mutanen da ya ɗauka sun ninka abin da aka ƙera shi ya ɗauka fiye da sau uku. Sama da mutum 1,800 suka rasu, cikinsu har da ɗalibai masu yawa. Jirgin Gore daban ne, hanyarsa ma gajera ce, kuma ban kawo wannan labari don in tsorata ku ba. Amma yaron da aka faɗa wa tun a gida ba zai yi turereniya wajen shiga ba. Zai zauna inda aka ce ya zauna, ya duba inda aka ajiye rigunan ceto, ba kuma zai hau ƙarfen gefe don ya leƙa kifi ba. Tsawa a cikin jirgi ba ta koya masa wannan, sai dai ta ƙara ruɗa shi.

Tsibirin ƙarami ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, kuma babu motoci a cikinsa. Akwai Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1776, da wata ƙofa tasa da ke kallon teku, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. A 1978 hukumar UNESCO ta sa Gore cikin wuraren tarihi na duniya. Gidajen tarihi suna da ranar hutu, sai a tambaya tun kafin a zaɓi rana. Ɗan Nijar yana da nasa dalili na musamman. A wannan tsibiri ne makarantar William Ponty ta zauna daga 1913 zuwa 1938, kuma a can Bubu Hama ya yi karatu kafin ya zama malamin lakwal na farko ɗan ƙasarmu a 1929. Yaron da ya ji wannan tun kafin ya tashi, da wani ido zai dubi tsofaffin gine-ginen nan.

Inda nake saɓawa da manya da yawa shi ne batun bakin ruwa. Sukan ɗauka tsintar abubuwa a rairayi ɓata lokaci ne, a ga gidan tarihi, a ɗauki hoto, a koma. Ni ina cewa a ware wa yara awa biyu cur a ɗan rairayin da ke kusa da inda jirgi yake tsayawa. Ruwan teku yana cika ya janye kusan sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata yake yi masa. Idan ya janye, yakan bar kumba, da katantanwa, da ciyawar ruwa, da gutsattsarin kwalba da igiyar ruwa ta goge har suka yi sumul. A tsinta da takalmi a ƙafa, domin a cikin baƙaƙen duwatsu akwai wata halitta mai ƙaya da ake kira "oursin", ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa. Kada a juya wa ruwa baya, kada kuma ƙarami ya yi nisa da babba. Kafin a jefa katantanwa a jaka, a leƙa cikinta. Sau da yawa wata ƙaramar ƙaguwa ce ta mayar da ita gida. Idan da mai gida, a mayar da ita ruwa.

Za ku ga masu talla da sarƙoƙin wuri. Ku tsaya ku duba su da kyau. Da irin wannan wuri kakanninmu suka yi ciniki a kasuwannin Damagaram da Katsina, har kalmar "kuɗi" ita ce jam'in "wuri". Yawancinsa daga tsibiran Maldibus na tekun Indiya aka kawo shi, kuma jiragen Turawa sun sauke shi da yawa a gaɓar Afirka ta Yamma, aka sayi bayi da shi.

Abin da aka tsinta a wanke shi da ruwan famfo, a shanya, in ba haka ba jaka za ta yi ƙarni kafin a iso gida. Kowane yaro ya zaɓi guda biyar kawai, ya rubuta ranar da ya tsince su, ya ware ɗaya da zai kai wa mushe a nuna wa sauran ƴan aji. Mai riƙe da takardar lokuta kuwa ya tara kowa a bakin mashiga da sauran rabin awa kafin jirgi ya busa.