Taimakon Gidauniya A Gyaɗi-Gyaɗi Da Tarauni: Me Ke Saura Bayan Rabo?

A cikin watan Maris na 2024, ana tsakiyar azumi, Gidauniyar Aliko Ɗangote ta ƙaddamar da rabon shinkafa buhu miliyan ɗaya ga mabuƙata a duk faɗin Nijeriya, a kan kuɗi Naira biliyan 15. A Kano aka buɗe rabon, kuma jihar ta sami buhu 120,000, kowanne mai nauyin kilo 10. Ba wanda ya zauna a garin nan a wannan shekara da zai raina wannan aiki, domin tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo, har gidaje da yawa suka koma cin abinci sau ɗaya a yini. Yabon gwani kuwa ya zama dole.

Amma aikin jarida ba ya tsayawa ga yabo. Wajibi ne a tambaya, shin me ke saura a unguwa bayan motar rabo ta juya? Babu inda ya fi dacewa a auna wannan tambaya kamar Ƙaramar Hukumar Tarauni, mai hedkwata a Unguwa Uku, wadda ta ƙunshi mazaɓu goma: Gyaɗi-Gyaɗi Arewa, Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, Tarauni, Unguwa Uku, Unguwar Gano, Darmanawa, Daurawa, Babban Giji, Hotoro da Ƙauyen Alu. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen wannan yanki sun haura 220,000, kuma kowa ya san yadda gine-gine suka cinye gonaki tun daga wancan lokaci.

Talaucin Da Titi Ke Ɓoyewa

Matafiyin da ya shigo Kano ta Titin Zariya, ya ga gadar Dangi, da bankuna, da gidajen mai, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zai ɗauka mutanen wannan shiyya sun gama da duniya lafiya. Alhali kuwa da zai bar kwalta ya kutsa lungunan da ke bayan shagunan, zai tarar da gidajen haya da iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu, da magudanan ruwa da shara ta toshe, da layin jarkoki ana jiran mai garuwa. Mazauna nan akasarinsu leburori ne, da masu tuƙa a-daidaita-sahu, da ƙananan ma'aikata, da zawarawa masu riƙon marayu, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga wasu jihohi.

Talakan ƙauye, duk tsananin da yake ciki, yana da 'yar gona da rumbu da itacen da zai yi girki. Talakan birni kuwa kome sai ya saya, tun daga ruwan sha har gawayi, ga kuɗin haya a ƙarshen shekara. Duk da haka idan an zo rabon taimako sau da yawa akan tsallake shi, don ana ganin ai yana zaune kusa da babban asibiti da ofisoshin Gwamnati. Kusanci da asibiti kuwa bai taɓa biya wa kowa kuɗin magani ba.

Iri Uku Na Taimako

Idan aka duba abin da attajiran Kano da gidauniyoyinsu suka yi wanda ya shafi wannan yanki, za a ga ya kasu gida uku.

Na farko shi ne rabo hannu da hannu. A shirin tallafin mata da Gidauniyar Ɗangote ta fara a 2011, an ba mata 88,000 na ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano Naira 10,000 kowacce, watau mata 2,000 ke nan a kowace ƙaramar hukuma in an raba daidai. A wancan zamani wannan kuɗi ya haura Dalar Amurka 60, ya isa mace ta fara suyar ƙosai ko sayar da ƙuli-ƙuli. A 2024 kuwa bai kai Dala 10 ba. Haka nan shinkafar azumi: buhu 120,000 in an kasa shi 44, kowace ƙaramar hukuma ba za ta sami buhu 3,000 ba, kuma kilo 10, watau wajen kwano huɗu, ba zai kai gida mai mutum takwas ko goma ƙarshen mako biyu ba. Wannan lissafi ba zargi ba ne ga mai bayarwa. Abin da yake nunawa shi ne yawan jama'a ya wuce abin da aljihun mutum ɗaya zai ciyar, kome zurfinsa.

Na biyu shi ne gini. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a watan Yuni na 2025, shi ya ba Asibitin Malam Aminu Kano cibiyar wankin ƙoda mai ɗauke da sunan mahaifinsa, Alhassan Ɗantata. Gidauniyar BUA ta Alhaji Abdussamad Isiyaka Rabi'u kuma ta ɗauki nauyin ginin sashen yara a wannan asibiti.  Sai dai asibitin koyarwa, wanda aka kafa a 1988, wuri ne na cutar da ta gagari ƙananan asibitoci, kuma majinyata na zuwa masa daga jihohi da dama har da Jamhuriyar Nijar. Matar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi a Darmanawa ba shi take buƙata da farko ba. Abin da take nema shi ne asibitin unguwa mai ma'aikaci da magani da fitila.

Na uku shi ne yarjejeniya, kuma a kansa ya kamata a tsaya, domin shi ne mafi ƙarancin amo, shi ne kuma ya fi barin abin a zo a gani.

Darasin 2012

Mai karatu zai tuna cewa a 2003 an dakatar da allurar rigakafin shan inna a Jihar Kano saboda jita-jitar da ta bazu a kanta, ba a koma ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta yaɗu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A ƙarshen 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Gwamnatin Jihar Kano da Gidauniyar Ɗangote da Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta Amurka suka sa hannu a kan wata yarjejeniya ta ƙarfafa rigakafin yara na yau da kullum.

Tsarin da aka bi shi ne abin lura. An buɗe asusu guda wanda ɓangarorin uku ke zuba kuɗi a ciki. A shekarar farko kason gidauniyoyin ya fi yawa, sa'an nan kowace shekara nasu na raguwa, na Gwamnati na ƙaruwa, da nufin a ƙarshe jiha ta ɗauki nauyin abinta. Kuɗin kuwa an kashe su a kan abubuwan da ba a yanka musu zare da almakashi: firji na ajiye allura, motar kai ta asibitoci, kuɗin fita unguwanni, da sa ido a kan ma'aikata. Ana kuma zama lokaci-lokaci, da Gwamna da masu gidauniyoyin, a duba alƙaluma a ga wa ya cika alkawari. Masarauta ta shigo da hakimai da dagatai da masu unguwanni don a riƙa sanin jariran da aka haifa.

Mutanen wannan yanki sun biya farashin aikin da jininsu. A ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kai hari a wuraren rigakafi biyu, a Unguwa Uku da Hotoro, suka kashe ma'aikata tara, galibinsu mata. Duk da haka aikin bai tsaya ba. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yuli na 2014, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan ƙwayar. Jihohin Bauchi, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe su ma sun ƙulla irin wannan yarjejeniya daga baya.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a duniya. Attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, amma ba ya aza tubali sai hukumar gari ta ba da fili, ta kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen tafiyar da shi. Ya gane cewa kyautar da ba ta ɗaure hukuma da wani nauyi ba, hutu take ba ta.

Sai dai yarjejeniya ma tana son kiwo. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta ci gaba a 2023, Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, musamman a ƙananan hukumomin cikin birni, kuma mafi yawan yaran ba su kammala rigakafi ba. Mashaƙo cuta ce da allurar jarirai ta yau da kullum ke karewa. Ɓullarta shaida ce cewa akwai lungunan da ma'aikacin lafiya bai kai ba, a cikin birnin da ke da asibitin koyarwa.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, duk gidauniyar da ke son taimakon unguwannin Tarauni ta ɗauko tsarin 2012 ta sauko da shi matakin mazaɓa. A zauna da Ƙaramar Hukuma da Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta jiha, a rubuta cewa gidauniya za ta gyara asibitin unguwa, ta sa masa wuta mai aiki da hasken rana da rijiyar burtsatse, hukuma kuma za ta kawo ungozoma da ma'aikata ta biya su. A rubuta shekarun da za a yi, da kason kowa a kowace shekara, a liƙa takardar a ƙofar asibitin inda kowa zai karanta. Haka nan za a iya yi wa makarantun firamare da magudanan ruwa.

Na biyu, a daina raba kaya daidai wa daida tsakanin ƙananan hukumomi ba tare da duba yawan jama'a da halin da suke ciki ba. A kuma daina tara mutane a fili guda. Turmutsitsin da ya auku a wuraren rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija a watan Disamba na 2024, inda mutane da dama suka rasu, yara da yawa a cikinsu, ya isa ishara. Mai unguwa da limami da shugabar ƙungiyar mata sun san gidan da ba a ɗora tukunya ba. A rubuta sunaye tun kafin azumi, a tantance su a gaban jama'a, a kai kaya gida-gida. Kada kuma a bar jerin sunayen a hannun 'yan siyasa, domin ranar da shinkafar sadaka ta zama ladan biyayya ga jam'iyya, ranar ta tashi daga sadaka.

Na uku, a yi aiki da ƙungiyoyin da suka daɗe a yankin. Ƙungiyar AHIP, wadda Hajiya Mairo Bello ta kafa tun ƙarshen shekarun 1980, ta shafe shekaru a Tarauni tana koyar da matasa da mata sana'a da kiwon lafiya. Akwai kuma ƙungiyoyin ci gaban unguwa da kwamitocin masallatai da ke yashe kwata da haɗa kuɗin maganin marasa ƙarfi ba tare da kowa ya ji labarinsu ba. Jarin Naira 10,000 da aka ba mace ita kaɗai yakan tafi a cefane ko asibiti, amma wanda ya biyo ta hanyar ƙungiyar da ta koya mata sana'a, take kuma bibiyarta, ya fi kusa da haihuwa.

Na huɗu, a farfaɗo da waƙafi. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Shago ɗaya a bakin Titin Zariya ko Titin Maiduguri, in aka tsayar da shi waƙafi, kuɗin hayarsa zai iya riƙe gyaran famfon burtsatse na unguwa shekara da shekaru, ko bayan ran mai shi. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina ita ce abin koyi a nan. Attajiran tsakiya, waɗanda ba su da ƙarfin kafa gidauniya, wannan ƙofa a buɗe take gare su.

A ƙarshe, wajibi ne Gwamnati ta tuna cewa ruwan sha da asibiti da makaranta haƙƙin talaka ne a kanta, da harajinsa da ƙuri'arsa ya saye su. Gidauniya mataimakiya ce, kuma mai taimako yana iya gajiya ko ya juya wani wajen. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli na 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, jama'ar Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna da ƙarin hujjar tambayar shugabanninsu abin da aka yi da kason yankinsu. Mutanen da suka binne 'ya'yansu mata a 2013 saboda aikin rigakafi, sa'an nan suka ci gaba da miƙa jariransu a ɗiga musu, sun cancanci a zauna da su a rubuta alkawari, a kuma cika shi. Allah ya saka wa masu bayarwa da alheri, ya ba shugabanni ikon riƙe amana.