Kyamarar da ta cika ihu, ranar ɓarawo ba mai jin ta

Ku ɗan yi haƙuri, yau rubutun zai yi tsawo.

Tun da ƙwacen waya da haura katanga suka yi yawa a Kano, duk wanda ya samu 'yan canji sai ya liƙa kyamara a ƙofar gida. Ka bi lungunan Fagge ka ɗaga kai, za ka gan su birjik. Ni ma bara na shiga Sabon Gari, wajen masu kayan lantarki, na sayo guda biyu masu haɗuwa da waya. Yaro ya zo ya ɗaura, ya saka min manhaja, ya ce "Oga, ko sauro ne ya gifta za ta gaya maka." Na ji daɗin wannan magana. Ashe nan matsalar take.

Daren farko wayata ba ta huta ba. Mage ta bi katanga, ta yi ƙara. Adaidaita sahu ya haska lungu, ta yi ƙara. Aka ɗauke wuta, maƙwabci ya tada janareta, nan ma ta yi. Ina ofis muna tsakiyar taro, aljihuna na ta ɓari, in duba in ga leda ce iska ke wasa da ita. Uwargida ta ce, "Baban Ummi, ko dai ka kashe abin nan ko ka koma soro da kwana." Sati biyu na daure, daga nan na toshe mata baki gaba ɗaya.

Wata uku bayan haka aka haura aka ɗauke batirin solarmu. Da safe na buɗe manhaja, wallahi ga mutumin nan ɓaro-ɓaro, wajen ƙarfe uku na dare, ya ɗauki lokacinsa yana kwance wayoyi. Kyamara ta gan shi, ta turo saƙo a kan lokaci. Saƙon yana kwance tsakanin na tsaka da na malam-buɗe-littafi, ni kuma ina ta minshari.

Don haka ra'ayina shi ne: kyamarar da ba a saita ba ta fi rashin kyamara haɗari. Wanda ba shi da ita yana kwana da kunne ɗaya a buɗe, yana biyan 'yan sintiri, yana duba sakata. Mai ita ya saki jiki, alhali ya riga ya koya wa kansa yin biris da ƙararta.

Bayan abin ya faru na zauna na karanci yadda take aiki. Yawancin masu arahar nan ba su san mutum ba. Hoton yanzu suke gwadawa da na ɗazu, in wani ɓangare ya canja sai su ce motsi ne. Inuwar bishiya canji ce, hasken mota canji ne. Da dare kuma ƙananan jajayen fitilun da ke kewaye da idonta ne ke haska mata, ƙwari su yi ta shawagi a gabansu, gizo-gizo ya zo ya yi saƙa a bakin gilashin. Zare ɗaya in iska na kaɗa shi ya isa ya hana ka barci. Ga hunturu, ƙurar da ke yawo kusa da ido tana dawo da hasken, sai ka ga kamar ana yayyafi a hoton. Akwai wata iri mai jin ɗumin jiki, ita ba ruwanta da inuwa, amma akuyar maƙwabta da iska mai zafi daga bayan na'urar sanyaya ɗaki suna ruɗa ta.

Abin da ya fi yi min amfani shi ne shata iyaka. A cikin manhajar akwai inda za ka zana wurin da kake so ta lura da shi. Na cire titi, na cire ƙofar masallaci, na bar bakin ƙofata da kan katanga kawai. Na rage ƙarfin jinta daga ƙololuwa zuwa tsakiya, na kunna tantance siffar mutum, na sa ta riƙa kira daga sha ɗaya na dare zuwa kiran assalatu. Da rana tana ɗauka, amma ba ta damuna. Na sa aka sunkuyar da ita ƙasa, ta daina kallon fitowar rana. Duk Juma'a kuma Abba ya hau tsani ya goge gilashin. Yanzu in ta yi ƙara, tashi nake.

Wani abokin aikina ya ce in ka rage mata ji, wata rana za ta ƙyale ɓarawo. Gaskiya ne, tana iya yi, musamman in ya rufe jiki ko ya bi ta gefe. Shi ya sa bayan na saita na fita da kaina da daddare, na bi jikin katanga a tsaye da a duƙe, Abba na riƙe da waya yana gaya min ko ta kama. Sau biyu muka gyara. Amma ni na ga ƙarshen ɗaya hanyar, batirina ya tafi.

Shata iyakar nan kuma har da haƙƙin maƙwabtaka. Gidajen Fagge a manne suke. Kyamarar da aka ɗaura a saman bene tana iya leƙa tsakar gidan wani, inda iyalinsa ke wanki da girki ba mayafi. Ko ba a zo maganar dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba, addini ya hana leƙen gidan mutane. Da na duba tawa ta baya, rabin hoton gidan Alhajin da muke katanga ɗaya ne. Kunya ta kama ni, na je na gaya masa da bakina, aka juya ta.

Ƙorafina yana kan masu ɗaurawa. Ku daina liƙa abu ku karɓi kuɗi ku tafi. Saiti yana cikin aikin. Mu masu saye kuma kada mu cika kuɗi sai an zana iyaka a gabanmu, an canja lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, an dawo an gwada da dare. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da ke barin shaguna su tafi gida, ku wannan ya fi shafa, don abin da ke cikin shagonku ya fi batirina nesa ba kusa ba.

Wanda ke nan kusa kuma tasa na damunsa, ya same ni bayan la'asar ranar Asabar, ya zo da wayarsa da caji.