Ruwan Lagdo da Duwatsun Arewa: Ina Yaranmu Masana Ƙasa?

Duk shekara idan damina ta kai Agusta da Satumba, hankalin mazauna bakin Kogin Binuwai yana komawa kan madatsar ruwa ta Lagdo, mai nisan kusan kilomita 50 daga Garwa. An gina ta tsakanin 1977 da 1982 domin samar da lantarki da noman rani. Idan tafkin ya cika, dole a buɗe ƙofofinsa don kada bangon ya karye. A 2012 ruwan da aka saki ya haɗu da ruwan sama mai yawa, ya ci gonaki da gidaje daga yankin Garwa har Yola da Makurdi. A Najeriya kaɗai mutum 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar muhallinsu. A 2022 an sake ganin irin haka, kuma har yau ba a kammala madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don tare ruwan ba.

Ambaliya tana da sabubban da ake iya aunawa: yawan ruwan da ya sauka a tsaunukan Adamawa, yashin da ya cike cikin kogi, da gidajen da muka gina a kan hanyar ruwa. Duk wanda ya je kasuwar Lahadi ta Pitowa ya ga dutsen Tingelin tsaye, ya ga kuma yadda zaizaya ke yanka ƙasa inda aka sare itatuwa.

Ƙarƙashin ƙasa ma akwai haɗari. Ranar 21 ga Agusta 1986, iska mai shaƙe numfashi ta taso daga tafkin Nyos ta kashe mutum 1,746. Masana ne suka gano cewa iskar tana taruwa a ƙasan tafkin, kuma daga 2001 aka fara kafa bututu don fitar da ita sannu a hankali.

Matsalarmu ita ce ƙarancin 'ya'yanmu a wannan fanni. Mukan tura su likitanci ko shari'a ko kasuwanci, alhali makarantar ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai ta Jami'ar Ngaundere tana Meiganga, cibiyar binciken ma'adinai ta gwamnati tana nan Garwa. Aiki kuma akwai shi: auna ruwan kogi, gano inda za a haƙa rijiyar burtsatse, gwada ƙasa kafin gini, da dutsen siminti na Figil.

Muna kira ga iyaye da malamai su ƙarfafa lissafi da kimiyya tun daga sakandare, masu hali su ɗauki nauyin ɗalibi ko da ɗaya ne, masu unguwanni kuma su hana sayar da filaye a bakin kogi. Allah Ya tsare mu daga ambaliya, Ya sanya albarka a daminarmu.