Kafin bazara, a sa wa na'urori fanka

A Maris da Afrilu zafin Yawuri kan haura digiri 40, kuma ba mutane kaɗai yake galabaitarwa ba. Daga Yelwa zuwa Warra, amfilifayar masallaci da inbatar mai cajin waya kan ƙone idan zafi ya taru a cikinsu, balle tsohuwar rediyo mai ƙwayayen gilashi.

Maganin ba tsada: fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12, a ɗaura ta yadda za ta riƙa zuƙo iskar zafi waje. Sai dai aikin na mai gyara ne, domin irin wannan rediyo kan riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an kashe ta. Kwamitocin masallatai su kira shi tun sanyi bai wuce ba.